Samanja Mai Awon Inuwa

A garinmu na bakin kogin Timok ƙasa ruwa ce. Ka yi gini bana, baɗi bango ya buɗe baki. Amma akwai benaye shida na iyalan soja da ko siririn layi babu a jikinsu, matan da ke ciki suna shanya a baranda suna sa wa wanda ya gina albarka. Mu da muka girma a bariki mun san abin da ke riƙe da benayen nan, shi ya sa ko kyauta aka ba ni ɗaki a can ba zan kai katifata ba. Ku gyara zama ku ji abin da Samanja Vidoye ya aikata, ni ba zan rage masa komai ba.

Vidoye mai kula da siton kaki ne. Duk kurtun da aka kawo, shi zai tsayar da shi ya auna kafaɗa da tsawo, ya jefa masa riga da wando da takalmi. A shekarar da tarayyar ƙasarmu ta dare gida-gida aka loda su a jirgin ƙasa daga Slobeniya, shi da matarsa Smilya da 'ya'yansu biyu, Predrag da Tiyana. Sun bar gida mai ɗaki uku da labulensa a rataye. Da suka iso aka zuba su a wani tsohon aji cikin bariki tare da wasu iyalai biyu, aka raba ajin da bargunan soja, aka ce na wata uku ne kafin a ba su gida. Wata ukun nan sai da ya zama shekara shida.

Sunansa na cikin jerin masu jiran gida, amma duk sanda ya matso sama sai wani kanar ya faɗo daga inda ba a sani ba ya zauna a kansa. Smilya kuwa ba ta iya raɗa ba, kuma bargo ba ya tare magana.

"Shekara ashirin da shida kana auna gindin 'ya'yan mutane," in ji ta, tana juya tukunyar wake a kan risho, "ko taku huɗu na ƙasa ba ka auna wa kanka ba. 'Yarka ta zama budurwa, a bayan bargo take sauya kaya, kofur na tari a wancan gefen. Kai ko kunya ba ka ji?"

Daga bayan bargon kofur ɗin ya ce, "Ni fa idona a rufe yake, uwargida."

"Rufe bakin ma, munafuki!"

Kowa ya yi dariya ban da Vidoye. Maganar ta zauna masa a ƙirji, kuma ba zan ce ba shi da gaskiyar jin zafi ba. Zafin halal ne. Inda ya kai shi ne ba halal ba.

Ana nan sai aka ba da sanarwa cewa rundunar za ta riƙa sayen gidajen da aka gama ginawa daga hannun 'yan kwangila, ta raba wa iyalai. Vidoye ya ga ƙofa. Ya sayar da lambun da ya gada a ƙauye, ya sayi fadamar da ke bayan bariki, wadda kowa ya raina. Ya kira kum ɗinsa Ostoya, wato mutumin da ya tsaya masa ranar aure ya kuma raɗa wa 'ya'yansa suna, wanda a wajenmu ya fi ɗan'uwa nauyi. Ostoya magini ne na gaske. Suka haƙa tushe, suka yanka zakara a kai kamar yadda aka saba, suka ɗora bulo. Kafin ginin ya kai taga bango ya tsage daga sama har ƙasa. Suka rushe, suka yanka rago, suka sake. Ya sake tsagewa a daidai wurin.

Ostoya ya zauna a kan buhun siminti ya kurɓi rakiya, barasarmu ta gida.

"Kum, mu haƙura. Wannan ƙasar ba jinin dabba take so ba."

"Me take so?"

"Abin da ba za mu ba ta ba."

"Kum, lambun ubana na cikin ramin nan. Faɗa mini."

Ostoya ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa, sannan ya ce akwai wata tsohuwa a duwatsun Homolye, sunanta Paunka. Ya ƙara da cewa shi bai faɗa ba, kuma in an tambaye shi zai rantse bai taɓa jin sunan ba.

Ranar Talata da hantsi Vidoye ya isa, domin an gaya masa ita ba ta aiki sai rana ta ɗaga. Wurin wani tsohon ɗakin niƙa ne a bakin rafi, ruwan ya daɗe da barin juya dutsen. An kafa ƙoƙon kan doki a kan kowane turken shinge, duk suna kallon ciki. Tsakar gidan an share shi fes an barbaɗa farar toka, babu ciyawa ko ɗaya, babu bishiyar da za ta jefa inuwa. A kan dutsen niƙan akwai kwanon ruwa, da damin busasshiyar ɗoɗɗoya, da wuƙa mai baƙin ƙota, da kyandir uku suna ci cikin hasken rana ba tare da harshensu ya motsa ba. A jikin bango an buga ƙusoshi, kowace ƙusa da ɗan guntun jan zare a ɗaure. Vidoye mutumin sito ne, idonsa ya fara lissafa ƙusoshin da kansa, sai ya hana shi.

Tsohuwar na zaune a bakin ƙofa, ƙarama, da baƙin ɗankwali. Ba ta kalli fuskarsa ba. Ƙasa ta kalla, inda inuwarsa ta kwanta a kan tokar.

"Matsa baya, soja. Kana taka mini wuri."

Ya matsa. "Inna, bango ne ke tsage mini."

"Na sani. Kowa da ya hawo nan da takalmi mai siminti, bango ne. Ka koma ka yi gini a tudu."

"Ba ni da tudu. Fadama nake da ita, da mata mai baki."

"Mata mai baki ba ta kashe kowa."

"Inna, ban yi tafiyar awa huɗu don wa'azi ba. Ga kuɗin Jamus a aljihuna."

Ta yi wata dariya marar sauti. Ta tashi ta watsa tsabar masara a kan tokar, wani jan zakara ya fito yana tsattsaga. Ta ciro jan zaren ulu daga ƙirjinta, ta tsoma a kwanon ruwan, ta durƙusa ta shimfiɗa shi a kan inuwar zakaran daga ƙafa zuwa tukku. Ta yanke da wuƙar, ta tona ɗan rami ta binne. Zakaran ya ci gaba da cin masararsa. Sai dai Vidoye ya duba ƙasa ya ga rana na dukan tsuntsun amma babu komai a gefensa, tokar fara tas. Zakaran ya yi taku uku, ya zauna kamar mai jin barci, bai sake tashi ba.

"Kaza nan take," in ji Paunka. "Mutum kafin kwana arba'in. Ka auna daga diddige zuwa ka, ka binne a kusurwar gabas ƙarƙashin dutsen farko. Gini ɗaya, inuwa ɗaya. Ginin zai tsaya, kuma mutane za su yi dambe a kan shigarsa."

Vidoye ya kalli zakaran. Nan ne ya kamata ya juya, kuma ya san haka, domin ƙafarsa ma ta juya da kanta. Amma ya tuna tarin kofur a bayan bargo.

"Nawa zan biya?"

"Ni? Buhun gishiri da galan ɗin kananzir. Sauran ba ni za ka biya ba."

"Wa zan biya?"

"Wanda ka sa a ƙasa ya zama naka. Abin da duk ya nema, wajenka zai nema."

"Matacce me zai nema, Inna?"

"Baƙo ba ya neman komai, bai san hanyar gidanka ba. Shi ya sa nake gaya maka, ka nemi mai wucewa, wanda ba ka san sunansa ba, shi ma bai san naka ba. Ka auna, ka binne, ka kama bakinka. Kada ka yi wa zaren magana. Ka ji ko in maimaita?"

"Ni nake ba da umarni a maimaita mini," in ji shi, ya miƙa hannu ya karɓi ƙullin zaren.

Kwana uku ya yi yana zarya a tashar mota da zare a aljihu. Sai ya gano abin da tsohuwar ba ta damu ta faɗa ba, cewa farar hula ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wannan ya sosa ƙeya, wancan ya juya ya ga ƙaton mutum a durƙushe a bayansa ya ce, "Malam, lafiya? Kuɗi ka yar?" A rana ta huɗu yana zaune a ƙofar sito aka kawo sababbin kurata, sai dabara ta zo masa, irin dabarar da ke zo wa mai ganin ya fi kowa wayo. Wa ya iya tsayuwa kamar soja? Kuma a shekarun nan da ake kwasar yara ana kai su fagen yaƙi a kudu, wa zai tambayi dalilin mutuwar kurtu?

Ya zaɓi wani dogon makiyayi mai suna Zlatko, wanda babu rigar da ta kai masa wuyan hannu.

"Kai dogo, fito fili in auna ka da kyau. Juya wa rana baya. Ƙame!"

Zlatko ya ƙame, ko ƙifta ido bai yi ba. Vidoye ya durƙusa a bayansa ya shimfiɗa zaren a ƙasa.

"Yallaɓai samanja, a ce dai a wannan karon za a sami mai dogon hannu?"

"Za a samu. Rufe baki a kan layi."

Da yamma kafin rana ta faɗi ya kai zaren fadama. Ostoya ya ɗaga dutsen ya kau da kai. Vidoye ya kwantar da zaren a ramin, ya miƙe, sai bakinsa ya yi abin da ya shekara ashirin da shida yana yi duk sanda ya kai soja wurin gadi. Ya ce, "Nan ne wurinka. Kada ka motsa sai an zo an canje ka." Har ya yi wa kansa dariya da ya ji abin da ya fito.

A kwana na talatin da takwas Zlatko ya mutu a kan iyakar kudu. Vidoye da hannunsa ya haɗa kayan yaron a jaka. Uwar ta zo karɓa, ta kawo masa ƙullin cuku daga ƙauye, ta ce ɗanta ya rubuto cewa samanja ne kaɗai ya damu ya nemo masa riga daidai jikinsa. Ya karɓi cukun. Har gida ya kai aka ci.

Ginin kuwa ya tashi hawa huɗu ba ko gezau. Ranar da aka ɗora rufi aka rataya riguna da tawul a saman katako don maginan, Ostoya ya hau yana kiran sunayen masu kyauta da muryar da ba ta da daɗi. Rundunar ta saye benen gaba ɗaya tun fenti bai bushe ba. Matan hafsoshi har da jan gashi a kan hawa na biyu. Daga nan Vidoye ya sayi fili a bakin kasuwa, ya sayi wani kusa da asibiti, wani a hayin gada, duk inda ƙasa ta fi lalacewa ta fi araha. Kowane tushe da kurtunsa. Kuma da yake soja ba ya sauya atisayen da ya yi aiki, yadda ya yi na farko haka ya yi sauran biyar, har da kalmomin, bai rage harafi ba. Wani mota ta kife da shi, wani bindiga ta tashi a hannunsa yana gogewa, wani zazzaɓi. Aka naɗe su a tuta aka busa musu bigila, babu wanda ya tambayi komai.

Cikin shekara takwas Vidoye ya ajiye kaki, ya zama mutumin da kanar-kanar ke miƙe wa. Ya gina wa kansa gida a kan tudu, mai farar katanga da ƙofar ƙarfe. Smilya ta sa labule har a ɗakin ajiye itace. Predrag ya fito laftanan, Tiyana ta gama karatun jinya. Da a ce a nan labarin ya tsaya, da yau rabin garinmu na hawan Homolye da buhun gishiri.

Washegarin bikin waliyyin gidansu na farko a sabon gida, Smilya ta fito shara da ƙarfe bakwai na safe, lokacin faretin bariki. Ta ga inuwa shida a jikin farar katanga, a jere, kafaɗa da kafaɗa, ta farkon ta fi sauran tsawo. Ta waiga, babu kowa a tsakar gidan. Ta kira mijinta.

"Inuwar turakun waya ce," in ji shi.

"Turken waya mai kunne? Vidoye, su wane ne waɗannan?"

Ya sa aka sake fenti. Ya sa aka dasa itatuwa a gaban katangar. Kowace safiya suna nan, ba sa motsi, sai rana ta ɗaga su ɓace.

Ostoya ne ya fara tafiya. Ya ajiye cokalin gini ana tsakar aiki, ya ce wa leburori ana kiransa. Aka same shi a kusurwar gabas ta benen farko, a tsaye ƙyam, hannuwa a manne da cinya, mutumin da bai taɓa iya tsayuwar soja ba. Ba ya ji, ba ya gani, mutum huɗu suka kasa lanƙwasa shi. Kwana uku a asibiti ya cika. Da safe Vidoye ya leƙa ta taga ya ga inuwa biyar, doguwar babu.

Bai gaya wa kowa ba. Ya ce a ransa ai kum ba jini ba ne, wataƙila an biya ke nan. Haka mai kwaɗayi yake, ko gawar amininsa sai ya duba ko akwai rangwame a ciki.

Bayan wata biyu Predrag ya zo hutu. Suna cin abincin rana, yana ba da labarin wani kyaftin yana dariya, sai ya ajiye burodin masarar da ke hannunsa ya miƙe.

"Ina za ka, ɗana? Ko naman ba ka taɓa ba."

"Lokacin gadina ya yi, Mama."

"Wane gadi? Hutu kake!"

Ya fita ba hula. Vidoye ya bi shi da gudu har bakin kasuwa, yana riƙe rigarsa, yana ba shi umarni, yana roƙonsa. Yaron ya tsaya a kusurwar bene na biyu ya ƙame. Shi ma kwana uku.

Daga ranar jana'izar Smilya ta daina faɗa, kuma wannan ya fi komai tsorata masu saninta. Kullum da asuba sai ta dafa waken soja tukunya guda, ta jera kwanuka a gindin katanga, ta zauna tana hira da bango. "Ku ci, 'ya'yan mutane. Kun gaji, na sani. Wa ya bar ku a tsaye haka?" In mijinta ya wuce sai ta nuna shi da ludayi ta ce, "Ga mai awon nan." Ba wanda ya gaya mata, ita ta haɗa da kanta. Kafin kaka ta fita, rannan aka ga ta sauka daga tudu da silifas, ludayin na hannunta, ta nufi benen da ke kusa da asibiti.

Ranar da aka binne ta Vidoye ya kira Tiyana ya gaya mata komai, yana tsammanin ko kuka za su yi tare. Ta saurare shi har ƙarshe.

"Ka san sunayensu?"

"Na sani."

"Duka shidan? Ka kuwa ci abinci a ranakun?" Ta tashi ta ɗauki jakarta. "Ka ce don ni ka yi, don kada in sauya kaya a bayan bargo. To wallahi da na tsufa a bayan bargon nan. Kada ka neme ni, Baba. Wannan ne kiran ƙarshe da zan yi maka da sunan."

Ta tafi Ostiriya aikin jinya. Shi kuma ya hau Homolye, ba gishiri ba kananzir.

Paunka ta tsufa har ta ƙanƙance, amma kunnenta ras. Da ya gama bayani ta tofa yawu a kan tokar.

"Na ce baƙo, ka kawo yaran da ka san lambar takalminsu. Na ce ka kama bakinka, ka yi musu alkawari. Kakannina sun binne inuwar fatake da mabarata, suna nan kwance har gobe, domin ba wanda ya ce musu za a zo. Kai ka sa soja gadi ka ce za a canje shi. Ya jira, ba ka aiko kowa ba, ya zo gidan samanjansa ya ɗauka da kansa. Laifin wa?"

"In tono zaren."

"Tono. Benen ya zauna a kan iyalai arba'in, su ma su zama naka."

"Saura uku, Inna. 'Yata kaɗai ta rage mini."

"Uku? Ka duba katangarka da kyau. Maginin da matarka farar hula ne, za su kwanta shiru. Ɗanka fa? Shi bai san ana canjin gadi ba?"

Vidoye ya zauna a ƙasa. Da safen nan ya ga huɗu, ya ce wa kansa idonsa ne. Ta huɗun tana da ɗan karkacen kafaɗar da Predrag ya gada daga gare shi.

"Abu ɗaya ya rage," in ji tsohuwar, "kuma ba magani ba ne, jinkiri ne. Awa nawa sojanku ke yi a gadi?"

"Biyu."

"To ka je ka karɓe su da kanka. Kowane awa biyu, kowace rana, tsakanin fitowar rana da faɗuwarta. Inuwa ba ta aiki da dare. Ranar da ka bar ɗaya bai huta ba, zai je ya nemo mai karɓarsa, ko a bayan teku take."

Haka muka wayi gari muka ga attajirin garinmu cikin tsohon kakinsa, a tsaye a kusurwar benen bakin kasuwa. Awa biyu, sai ya sara wa bango, ya kama hanya da sauri zuwa na gaba. Wurare huɗu, awa takwas, ban da tafiyar da ke tsakani. Mutumin da ke tsaye a kusurwa daga safe zuwa yamma ba ya zaman ofis, don haka abokan kwangila da lauyoyi suka yi wa kamfanin abin da ungulu ke yi wa mushe. Gidan tudu ya tafi. Ya koma kwana a ɗakin injin ɗumama gida na ɗaya daga benayen da ya gina. Matan sojoji suna ce masa tsohon da yaƙi ya taɓa, suna miƙa masa gahawa ta taga. Ya ji a bakin mutane cewa Tiyana ta yi aure ta haifi 'ya mace, ko hoto ba a aiko masa ba.

Da bazara abin da sauƙi, rana doguwa ce. Tsakiyar hunturu ne tashin hankali, lokacin da hasken yini duka bai fi awa tara ba. Awa ɗaya tak ke gare shi ya ratsa gari sau uku. Yana da shekara hamsin da 'yan kai yana gamawa har da sauran lokaci. Da ya haura sittin sai da gudu-gudu. Shekara goma sha huɗu ya yi bai makara ba, kuma wannan kaɗai zan iya faɗa na alheri a kansa.

A hunturun da ya cika saba'in, ana saura kwana huɗu yini ya fara tsawo, gadar ta yi ƙanƙara. Ya taho daga wuri na uku zuwa na huɗu, na hayin gada, sai ƙafa ta zame, ƙugu ya bugi ƙarfe. Mutane suka taru za su ɗauke shi, yana dukansu yana ihu su sake shi. Da rarrafe ya ƙarasa. Ya kama bango ya miƙe, ya tsaya da ƙafa ɗaya yana kallon yamma, yana roƙon rana kamar mai roƙon alƙali. Awa ɗaya da 'yan mintoci ya samu, ta faɗi.

Bayan kwana biyu motar Ostiriya ta tsaya a tasha. Wata mata ta sauko ba jaka ba rigar sanyi, da farin kayan asibiti da takalmin aiki. Ta bi ta kasuwa, ta haye gada. Vidoye na kusurwar yana dogare da sanda, sai ya ga 'yar da rabonsa da ita shekara goma sha huɗu tana tahowa, har furfura ta fara fito mata.

"Tiyana! Koma! Ina nan, ga ni a wurin, na karɓa! Tiyana, 'yata, dube ni!"

Ba ta dube shi ba. Ta matsar da shi gefe da hannu ɗaya, a hankali, yadda ake matsar da kujera, ta tsaya a inda yake, ta haɗe ƙafafu.

Mun binne ta ranar Asabar. Shi bai zo maƙabarta ba, kuma waɗanda ba su sani ba suka tsine masa. Yana bakin kasuwa a tsaye da sandarsa, domin saura uku ba su huta ba, kuma Tiyana ta bar yarinya 'yar shekara tara a can, wadda ba ta ma san sunan garinmu ba. Yau ma da na wuce da safe na gan shi yana jan ƙafa, yana duban sama. Likita ya ce ƙugun ba zai kai shi wani hunturu ba.

Don haka kai da ke kwana a ɗakin aro kana cizon yatsa, na san zafin, ni ma a bayan bargo aka yaye ni. Amma ka ji ni da kyau. Duk wanda ya ce zai ba ka gida a kan buhun gishiri, tambaye shi wa zai kwana a ƙarƙashinsa. In kwaɗayi ya nuna maka ɗan wani ya ce ai ba wanda zai tambaya, ƙarya yake yi maka. Za a tambaya, a ƙofar gidanka za a tsaya, kuma ba kai za a fara ɗauka ba.